Hanji da Ƙwaƙwalwa: Ina Gaskiyar Alaƙar Bakteriya da Ciwon Baifola?

A shekarar 2018 masu bincike a asibitin masu taɓin hankali na Sheppard Pratt da ke birnin Baltimore a Amurka suka fitar da sakamakon wani gwaji da har yanzu ake yawo da shi a intanet. Sun ɗauki mutum 66 da aka sallama daga asibiti bayan tashin ciwonsu na baifola, wato ciwon ƙwaƙwalwa mai hawa da sauka, ya lafa, suka raba su gida biyu. Kowa ya ci gaba da shan maganinsa na kullum. Gida ɗaya aka ƙara musu kafso mai ɗauke da bakteriya masu rai, ɗaya gidan kuma aka ba su kafson da babu komai a cikinsa. Bayan mako 24 sai aka ƙirga: a gidan masu kafson banza an sake kwantar da mutane sau 24, a gidan masu bakteriya kuwa sau 8 kacal.

Wannan lissafi da ire-irensa su ne jarin masu tallar maganin "gyaran hanji", masu cewa matsalar ƙwaƙwalwa daga ciki take, a wanke cikin a huta. A gefe guda kuma, iyalan masu fama da ciwon suna zuwa asibiti likita ya ce musu kada a kuskura a daina magani, bai ma tada zancen hanji ba. Sai mutum ya rasa wa zai bi. Maganar dai hanjin jimina ce, akwai na ci akwai na zubarwa.

## Ciwon da ake magana a kai

Baifola ciwo ne na hawa da sauka. A lokacin hawa, mutum yakan kwana biyu ko uku ba barci kuma bai ji gajiya ba, magana ta yi ta zuba, ya ɗauko manyan tsare-tsare, ya rabar da kuɗi ko ya ci bashin da ba zai iya biya ba, wani lokaci ya ga kansa wani babban mutum ne da aka aiko da saƙo. Idan wannan hali ya kai mako guda ko ya kai ga kwanciya asibiti, likitoci na ɗaukarsa cikakken tashin ciwo. A lokacin sauka kuwa jiki ya mutu, mutum ya shige ɗaki, abinci ya fita ransa ko ya yi ta ci ba ƙoshi, tunanin mutuwa ya dame shi. Tsakanin waɗannan lokuta biyu yana iya yin watanni ko shekaru lafiya lau, abin da ke sa dangi su ce ai ya warke, ko su danganta abin da iska ko sammu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum kusan miliyan 40 ne ke da ciwon. Yawanci yana fara bayyana ne daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekaru ashirin da 'yan kai. Gado na da ƙarfi sosai a cikinsa: binciken da aka yi kan tagwaye ya nuna kashi 60 zuwa 85 cikin 100 na haɗarin kamuwa yana da nasaba da gado. Wannan adadi na da muhimmanci, domin duk rawar da bakteriyar hanji ke takawa, tana takawa ne a kan wannan tushe.

Su kuma bakteriyar hanji ba baƙi ba ne a jikin ɗan Adam. Ƙiyasin da aka yi a 2016 ya nuna babban mutum na ɗauke da kusan tiriliyan 38, mafi yawansu a babban hanji, nauyinsu duka bai wuce giram 200 ba. Akasarinsu ba sa jawo cuta. Suna cin abin da cikinmu ya kasa narkarwa, musamman harzar hatsi da wake da ganye, su fitar da sinadaran da jiki ke amfani da su. Kafson da ake zuba irin waɗannan bakteriya masu amfani a ciki shi ake kira furobayotik.

## Ta ina saƙo ke bi daga ciki zuwa kai?

Hanya ta farko jijiya ce. Akwai wata doguwar jijiya da ake kira bagus, ta taso daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta ratsa wuya da ƙirji har cikin hanji. Kusan kashi 80 cikin 100 na zaruruwanta saƙo suke kaiwa sama, wato daga kayan ciki zuwa ƙwaƙwalwa. A 2011 masu bincike a jami'ar Cork ta ƙasar Ireland da jami'ar McMaster ta Kanada suka ciyar da ɓeraye wani nau'in bakteriya mai suna Lactobacillus, suka ga tsoronsu ya ragu, kuma an sami sauyi a wuraren karɓar wani sinadari mai kwantar da ƙwaƙwalwa. Da suka yanke jijiyar bagus suka maimaita gwajin, sai tasirin ya ɓace.

Hanya ta biyu garkuwar jiki ce, kuma ita ce ta fi shafar baifola. An daɗe da lura cewa a lokacin tashin ciwon, alamun kumburi a jinin marasa lafiya da dama kan hau. Kumburin nan ba irin na ƙafa ko fuska ba ne da ido ke gani. Garkuwar jiki ce ke zama a tsaye kamar ana yaƙi da cuta. Bangon hanji siriri ne ƙwarai, kuma wasu bakteriya na samar da wani sinadari mai suna butiret wanda shi ne babban abincin ƙwayoyin da suka yi wannan bango. Hasashen masana shi ne idan masu samar da butiret suka yi ƙaranci, bangon kan yi rauni, ɓurɓushin bakteriya ya riƙa tsallakawa cikin jini, garkuwar jiki ta harzuƙa, saƙon harzuƙar ya kai ƙwaƙwalwa. A gwajin Baltimore, waɗanda suka fi cin moriyar furobayotik su ne waɗanda tun farko alamun kumburi suka fi yawa a jininsu, abin da ya ƙara wa wannan hasashe ƙarfi.

Hanya ta uku ita ce ta sinadarai, kuma a nan ake yawan yi wa jama'a rufa-ido. Gaskiya ne kusan kashi 90 cikin 100 na sirotonin, sinadarin da ake alaƙantawa da walwala, a hanji ake yin sa, kuma wani bincike na jami'ar Caltech a 2015 ya nuna wasu bakteriya ne ke zaburar da hanjin ya yi shi. Amma sirotonin na hanji ba ya shiga ƙwaƙwalwa, akwai shingen da ke tare shi. Aikinsa a can ƙasa yake, wajen motsin hanji da makamantansu. Ƙwaƙwalwa da kanta take haɗa nata. Abin da bakteriya za su iya taɓawa shi ne kayan haɗin, wani sinadari da ake samu daga abinci mai suna tiriftofan, da kuma hanyar da jiki ke sarrafa shi.

Akwai kuma tsarin da ke sakin sinadaran firgici. Tun a 2004 masu bincike a jami'ar Kyushu ta Japan suka nuna cewa ɓerayen da aka rena ba ko bakteriya ɗaya a jikinsu sun fi saura zabura idan aka takura su. Daga wannan bincike ne fannin ya fara jan hankali sosai.

Sai dai a lura: mafi ƙarfin waɗannan hujjoji daga ɓeraye suka fito, kuma ɓera ba ya kamuwa da baifola. Iyakar abin da ake gani a jikinsa shi ne yawan zirga-zirga ko lafewa wuri guda.

## Abin da aka gani a jikin mutane

A 2017 jami'ar Michigan ta kwatanta bayan gidan mutum 115 masu baifola da na mutum 64 masu lafiya. Babban bambancin da aka samu shi ne ƙarancin wata bakteriya mai suna Faecalibacterium, ɗaya daga cikin manyan masu samar da butiret. A cikin marasa lafiyar ma, waɗanda ke da ita da yawa sun fi ba da rahoton barci mai kyau da sauƙin damuwa.

Binciken da ya fi kusantar tambayar aikin ƙwaƙwalwa kai tsaye daga ƙasar Sin ya fito. A 2022 masu bincike a jami'ar Zhejiang da ke Hangzhou suka wallafa aikin da suka yi kan mutum 109 masu baifola da ke cikin lokacin sauka kuma ba sa kan magani, da mutum 40 masu lafiya. Abu uku suka haɗa: nau'o'in bakteriyar da ke hanji, sinadaran da ke yawo a jini, da hoton ƙwaƙwalwa na na'urar MRI wanda ke nuna yadda sassanta ke aiki tare yayin da mutum ke kwance bai yin komai. Sun sami alaƙa tsakanin wasu bakteriya, wasu sinadarai irin su dangin bitamin B da abubuwan da ke fitowa daga tiriftofan, da kuma yadda sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tsoro, tuna abubuwa da tace saƙonni ke sadarwa da juna. Darajar aikin ita ce an kauce wa tasirin magani. Rauninsa kuma shi ne hoto ne na lokaci ɗaya: ya nuna abubuwa uku na tafiya tare, bai nuna wanne ke jan wanne ba.

Sai kuma wani abu da ya rage wa masu zumuɗi karsashi. A 2021 masu bincike a King's College ta Landan suka tattara nazari 59 da aka yi kan bakteriyar hanji da cututtukan ƙwaƙwalwa daban-daban. Suka tarar da cewa tsarin da ake gani a baifola, wato ƙarancin Faecalibacterium da Coprococcus tare da yawan Eggerthella, shi ne dai ake gani a ciwon damuwa, da ciwon fargaba, da wani nau'in taɓin hankali mai suna sikizofireniya. Ke nan babu wani tambari na musamman da za a duba a bayan gida a ce wannan na baifola ne. Duk wanda ya ce zai gano ciwon ta hanyar gwajin bayan gida ya wuce inda ilimi ya tsaya.

## Wa ya fara, ciwon ko hanjin?

A nan gizo ke saƙa. Mai baifola ba ya rayuwa irin ta sauran mutane a lokacin da ciwon ya motsa, kuma kusan duk abin da ya sauya a rayuwarsa yana iya sauya bakteriyar cikinsa.

A ɗauki magani. A 2018 wata cibiyar bincike ta Turai da ke Heidelberg a Jamus ta gwada magunguna sama da 1,000 a kan nau'in bakteriyar hanji 40. Kashi 24 cikin 100 na magungunan da ba don kashe ƙwayoyin cuta aka yi su ba sun hana aƙalla nau'i ɗaya girma, kuma magungunan taɓin hankali na cikin waɗanda suka yi fice wajen hakan. A Michigan ma an ga cewa matan da ke shan sababbin magungunan taɓin hankali, dangin olanzapine da quetiapine, ire-iren bakteriyar cikinsu sun ragu. Waɗannan magunguna kuma suna buɗe ciki, suna sa ƙiba, wasu na busar da bayan gida. To idan aka ga bambanci tsakanin mara lafiya da mai lafiya, na ciwon ne ko na maganin?

A ɗauki taba. A 2019 masu bincike a Copenhagen ta Denmark suka duba mutanen da ba a daɗe da gano musu baifola ba, suka ga wata bakteriya mai suna Flavonifractor ta fi yawa a cikinsu. Da aka zurfafa lissafi sai aka ga shan taba na da hannu a wannan bambanci, domin masu ciwon sun fi shan taba. Haka abin yake ga barci, motsa jiki da abinci. Wanda ya yi mako yana yawo ba barci, yana cin duk abin da ya samu a hanya, da wanda ya yi wata a ɗaki ba ya cin komai sai shayi da burodi, dole cikinsu ya bambanta da na wanda ke cin tuwo a kan lokaci.

Masu ganin hanji na da hannu a ciwon suna da nasu hujjojin. A 2016 rukunin Baltimore ya lura cewa cikin waɗanda aka kwantar saboda tashin ciwon, kashi 7.7 cikin 100 suna kan maganin kashe ƙwayoyin cuta, alhali a cikin masu lafiya kashi 1.3 ne. Ana iya fassara wannan ta fuska biyu: ko dai cutar da ake yi wa magani ce ta tayar da garkuwar jiki, ko kuma maganin ne ya hargitsa hanji. A 2018 rukunin ya sake ba da rahoton cewa waɗanda aka kwantar saboda tashin ciwon sun ninka masu lafiya kusan sau uku da rabi wajen cin naman da aka adana da sinadarin naitiret, kuma ɓerayen da aka ciyar da irin naman sun kasa zama wuri ɗaya, bakteriyar cikinsu ta sauya. Naman kanti na Amurka aka duba a wannan bincike, bai shafi kilishi ba.

Masu taka-tsantsan kuma suna nuni da ƙanƙantar gwaje-gwajen. Mutum 33 a kowane gida ba su isa a gina ƙa'idar magani a kansu ba, kuma wani ƙaramin gwaji da aka yi a Iran aka wallafa a 2020 bai ga wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin masu shan furobayotik da masu shan kafson banza. Matsayin da ya fi dacewa da hujjojin da ke ƙasa shi ne saƙon na tafiya ta ɓangarorin biyu: ciwon da maganinsa na sauya hanji, hanjin da ya sauya kuma yana iya ƙara wa ciwon nauyi a wasu mutane, musamman masu alamun kumburi. Babu binciken da ya nuna bakteriya kaɗai na haddasa baifola ga wanda ba shi da tushenta.

## Dashen bayan gida

Mataki mafi tsauri da ake gwadawa shi ne ɗaukar bakteriya daga bayan gidan mai lafiya, a tace, a zuba a hanjin mara lafiya. An wallafa labarin mutum ɗaya-ɗaya a Ostireliya da suka ce sun sami sauƙi ta wannan hanya, kuma a Kanada likitar ƙwaƙwalwa Valerie Taylor ta jagoranci gwaji a kan masu baifola da ke cikin lokacin sauka. Abin da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince a yi da wannan dabara, a 2022 da 2023, shi ne maganin wata muguwar gudawa mai yawan dawowa, ba ciwon ƙwaƙwalwa ba. A 2019 hukumar ta yi gargaɗi bayan wani mara lafiya ya mutu sakamakon dashen da ya zo da bakteriya mai bijire wa magani, kuma wannan a hannun ƙwararru ya faru. Yin sa a gida ganganci ne.

## Me ya shafi mai karatu a Kano ko Maraɗi?

Abu na farko, alƙaluman nan ba a kanmu aka tattara su ba. Wani nazari na 2022 ya nuna sama da kashi 70 cikin 100 na samfuran bakteriyar jikin ɗan Adam da aka san asalinsu daga Turai, Amurka da Kanada suka fito. Kuma an san cikin mutanen Sahel daban yake. A 2010 aka kwatanta yaran ƙauyen Boulpon na Burkina Faso, masu cin gero, dawa, wake da ganye, da yaran birnin Florence na Italiya. Yaran ƙauyen sun fi yawan ire-iren bakteriya, sun fi yawan masu narkar da harza irin su Prevotella, kuma sinadaran dangin butiret sun fi yawa a cikinsu. Duk da haka akwai baifola a Afirka kamar yadda take a ko'ina, wanda hakan kansa ya isa nuna cewa cin hatsi mai dusa ba rigakafi ba ne. Kafson da aka haɗa bisa abin da Ba'amurke ya rasa ba lallai ya zama abin da Bahaushe ke buƙata ba.

Game da abinci, akwai abin da za a iya faɗa ba tare da ƙari ba. Wani gwaji na jami'ar Stanford a 2021, kan mutum 36 masu lafiya na tsawon mako 10, ya nuna yawan cin abincin da aka tsimar da shi, irin su kindirmo da danginsa, ya ƙara ire-iren bakteriyar hanji kuma ya rage alamun kumburi. Nono mai tsabta, wake, zogale, kuka, fura da tuwon da ba a cire wa hatsinsa dusa duka ba, abinci ne da ke taimakon hanji, kuma suna da amfani na daban ga mai shan maganin da ke sa ƙiba da hawan sukari. Koko da daddawa ma tsimammu ne, sai dai wuta na kashe mafi yawan bakteriyar da ke cikinsu kafin su kai baki. Babu ɗaya daga cikinsu da aka gwada a matsayin maganin baifola.

Inda haɗari ya fi kusa shi ne kyamis. Al'adar sayen Flagyl, Ampiclox ko cipro ba takardar likita da zarar ciki ya murɗa tana share bakteriya masu amfani tare da marasa amfani, kuma wasu nau'o'in kan daɗe ba su dawo ba. Akwai ma rahotannin likitoci, ko da yake ba kasafai ba, na mutanen da suka shiga halin hawa bayan shan wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Clarithromycin, wanda ke cikin haɗin da ake bayarwa don gyambon ciki, na cikin waɗanda aka fi ambata. Mai baifola da za a ba shi irin wannan haɗi, ya kamata wanda ya rubuta ya san da ciwonsa, 'yan gida kuma su sa ido a kan barcinsa a kwanakin.

Tsarin kula da masu ciwon a asibitoci irin na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano da na Maiduguri har yanzu a kan magungunan daidaita hawa da saukar ciwon yake, tare da kiyaye barci da bibiyar likita. Dalilin da ya sa likita ba ya rubuta furobayotik shi ne manyan ƙa'idojin jinyar baifola ba su sa shi cikin magungunan da aka tabbatar ba. A gwajin Baltimore ɗin ma ƙari aka yi a kan magani, ba a cire wa kowa nasa ba. Yanke magani farat ɗaya, musamman litiyam, ɗaya daga cikin waɗannan magunguna, na iya dawo da ciwon da ƙarfi cikin 'yan watanni.

Litiyam ɗin nan, wanda likita John Cade na Ostireliya ya wallafa amfaninsa ga masu tashin ciwon a 1949, shi ne wurin da alaƙar hanji da ƙwaƙwalwa ta tabbata ba gardama, ta hanyar da ba ta da ruwa da bakteriya. Ƙoda ce ke fitar da shi, kuma tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da wanda ke zama guba ƙanƙanuwa ce. Duk abin da ya zuƙe ruwa da gishirin jiki, gudawa, amai, zufar bazara, ko jiƙon wankin ciki da ake sha a kwana ana zagayawa, yana sa maganin ya taru a jini. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac ma suna ɗaga shi. Alamun sun haɗa da karkarwar hannu mai ƙarfi, tangaɗi, nauyin baki, yawan barci da ruɗewa. Mai shan litiyam da ya nuna waɗannan bayan gudawa ko wankin ciki, asibiti za a kai shi a ranar a auna adadin maganin a jininsa.